Zauren Bature Mai Shan Ruwa

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya haɗiye tsohuwar Ɗinya, mutanen garin ba su bar masa komai ba sai bangaye tsirara. Suka ɓalle ƙyamare, suka ɗauke duwatsun niƙa, sannan suka zare azarar ɗakunansu ɗaya bayan ɗaya suka ɗora wa jakuna. Azara, wato tsagin itacen giginya, ita ce ƙashin ginin ƙasa. Gara ba ta iya ta, kuma wadda kaka ya yi rufi da ita, jika ma sai ya yi. Suka hau wani tudu a ƙasar Bebeji suka kakkafa bukkoki, suka sa wa wurin suna Sabuwar Ɗinya.

Gari ya tsaya, amma babu Sarkin Magina, don tsohon ya rasu kafin ƙaura. Mutum biyu ne ke kallon rawanin. Akwai Uba, wanda ya yi shekara ashirin da biyar yana miƙa wa marigayin tubali, mutumin da sai ka wuni da shi ba ka ji kalma goma daga bakinsa ba. Sannan akwai Bature, ɗan marigayin na cikinsa, wanda bai taɓa murza tubali ko ɗaya ba, amma ya taɓa zuwa Kano cin rani. Mako bakwai ya yi yana ɗaukar kankare a kwanon sarki, a wani ginin bene kusa da tashar jirgin ƙasa. A bakinsa kuwa, makonnin nan sun daɗe da zama shekaru, kwanon sarkin ma ya zama takardar zane.

Ranar da Dagaci Mahmudu ya tara dattawa a gindin tsamiya kan maganar, Bature bai jira an ba shi izini ba.

"Ranka ya daɗe, ni na ga gini. Na ga ganuwa, na ga Ƙofar Nassarawa. Na ga sorayen cikin birni da zankwayensu tsaye a kusurwa kamar kunnen zomo. Na ga kantunan Kwari masu baranda, mutum ya bi layi tun daga farko har ƙarshe rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba. Na ga benen banki hawa huɗu, rufinsa shafe kamar faifai. Kowanne da kyansa, amma a warwatse suke, sai ƙafa ta kumbura kafin ido ya ƙoshi. Ni zan haɗa muku su duka a zaure ɗaya. Wanda ya zo Sabuwar Ɗinya ya huta da zuwa Kano."

Dagaci ya juya. "Uba, kai fa me ka gani?"

"Ƙasa, ranka ya daɗe."

Dagaci ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yanke magana. Ga fili biyu suna kallon juna a ƙofar fada, kowa ya ɗauki ɗaya ya gina zaure cikin wata biyu. Wanda nasa ya fi, shi za a naɗa, kuma shi zai gina masallacin Juma'a.

Washegari Uba ya yi sallama a ƙofar Bature. Bayan an gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya, sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Azarar da yake da ita gajeru ce, ko za a ara masa guda huɗu dogaye daga cikin ta gidan marigayi?

"Huɗu?" in ji Bature. "Kwashe duka."

Matarsa Delu ta yi gyaran murya daga bayan zana. "Malam, azarar kakanka ce fa. Jaki uku ne suka hawo da ita tudun nan, ɗaya har yau ɗingishi yake."

"Itace ne, Delu. Zamanin itace ya wuce."

Ya gyara zama ya buɗe wa Uba sirrin da ya zo da shi daga birni. Wata rana da azahar ya shiga Gidan Makama don ya fake wa rana. Da ya ɗaga kai sai ya ga bakan gizo, wato ginshiƙin nan mai lanƙwasa da ke tashi daga bango zuwa bango ya riƙe rufi ba tare da komai ya tokare shi a tsakiya ba.

"Na ƙare masa kallo, Malam Uba. Ko tsinke babu a jikinsa. Zallar ƙasa ce a lanƙwashe."

"Azarar tana ciki, ɗan maigida. Yaɓe ne ya rufe ta."

"Ka shiga ka gani?"

"Ban taɓa zuwa Kano ba."

"To ni na shiga."

Yadda aka yi shi ma, in ji Bature, ba wani abu ba ne mai wuya, da idonsa ya gani a ginin bene. Sai a jera sandunan tokara, a shimfiɗa katako a kai, a zuba kankare, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana ashirin da ɗaya. Ruwan ne ke mai da shi dutse. Daga nan a zare tokara, rufi ya tsaya da kansa. Mutanen da can sun san wannan, na ƙauye suka manta, Turawa suka tsinta.

"Na ji an ce kankaren ma da rodi a cikinsa," in ji Uba.

"Rodi na matsorata ne."

Uba ya tafi. Ya kawo jakinsa ya yi sawu biyar, Delu na tsaye tana kallon kowane sawu kamar ana fita da gawa.

Watan farko Bature bai taɓa ƙasa ba, bayani ya yi ta yi. Ya zana zauren da sanda a ƙofar masallaci, ya zana a bakin kasuwa, ya zana a bakin madatsa har masunta suka roƙe shi ya daina, don kifi na gudu. Uba kuwa yana can yana ɗora tubali layi biyu ko uku a wuni, ya bar su su sha rana, gobe ya ƙara. Da Bature ya ga bangon Uba ya kai ƙirji, sai ya kira gayya. Samarin gari suka zo, wasu don tuwon Delu, wasu don kallo. Cikin kwana huɗu bango ya tashi, na ƙasa bai bushe ba an ɗora na sama.

Zaure kan tashi da zanko huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Bature ya yi goma sha biyu, don kada sorayen birni su fi shi. Ya ɗaura baranda ta kara a gaba irin ta kantunan Kwari. Ya sa farar ƙasa ya zana agogo a goshin ginin irin na ofisoshin gwamnati. Indararo kuwa, inda ruwan sama ke zuba daga rufi, ya ce ba ya yi, don bai ga ko ɗaya a jikin banki ba.

Tsakanin filayen biyu, a gindin tsamiya, nan Tani ke soya ƙosai. Taubashiyar Bature ce, ɗiyar kawunsa, saboda haka tana da lasisin faɗa masa abin da ta ga dama.

"Injiniya, agogon nan naka tun shekaranjiya ƙarfe goma yake."

"Agogon birni ba ya gaggawa."

"Ashe shi ya sa ka yi shekara bakwai cikin mako bakwai."

Aka zo rufi. Bature ya cika cikin zauren da sandunan tokara har ba wurin da kaza za ta ratsa. Ya lanƙwasa kara a kansu, ya shimfiɗa zana, ya sa aka yi ta jibga kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai haɗe da ƙaiƙayi da kashin jaki, har ta kai kamu uku. Da aka gama ya tsaya nesa ya riƙe ƙugu.

"Yanzu aka fara aiki," in ji shi.

Da sassafe mutanen da ke dawowa daga masallaci suka gan shi a kan tsani da tulun Delu a kafaɗa. Ya hau, ya juye ruwan a kan rufi. Ya sauko, ya nufi magudanar noman rani, ya ciko, ya sake hawa. Sawu goma sha biyar ya yi kafin rana ta ɗaga. Da la'asar ya sake.

Jama'a suka tsaya cirko-cirko. Waɗannan mutane ne da duk shekara suke shafe bango da makuba don gudun ruwa, mutanen da ruwa ya kora daga garin kakanninsu.

"Bature," in ji Tani, "mun gudo wa ruwa mun hau tudu, kai kuma ka ɗauko shi a tulu kana bin mu da shi."

"Ƙishirwa ke kashe gini, Tani. Ba a koya muku ba ne."

"Mu dai a tsohuwar Ɗinya ba mu ga gidan da ƙishirwa ta kashe ba."

Ran kwana uku tulun ya fashe. Delu ta ɓoye na biyu a gidan maƙwabta, sai ya koma garwa biyu da sanda kamar ɗan ga-ruwa. Ran kwana shida kwaɗi suka tare a cikin zauren, kowace la'asar sai su amsa wa ladan. Ran kwana takwas kuwa gari ya wayi da abin kallo. Rufin Bature ya yi kore shar. Duk ƙwayar gero da ta ɓuya a ƙaiƙayi, duk ƙwayar ciyawa da ta bi ta cikin jaki, sun sami ruwa da taki a tsakiyar rani, sun tsiro. Zankwayen nan goma sha biyu kowanne ya fito da gashi.

Manoman rani suka zo suka kewaye ginin, suka ce gaskiya yabanyarsa ta fi tasu kyau, wane iri ya shuka? Wata Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta ta tambayi Tani ko mai gonar zai bar shanu su shiga bayan girbi.

"Wannan shi ake kira lambun sama," in ji Bature. "A birni sai manyan ma'aikata."

Awakin gari ba su san manyan ma'aikata ba. Suka bi ta kan tulin ƙasar da ta rage a gindin bango, suka taka baranda, suka haye. Bature ya wuni yana kora. In ya sauko ɗebo ruwa su hau, in ya hau su sauko ta baya su ci barandar. Kafin mako ya zagayo, kantin Kwari ya koma sanduna biyu da igiya.

Ran kwana goma sha biyar bangon gabas ya turo ciki waje.

Tani ta leƙa ta dawo. "Barka, Injiniya. Zauren naka juna biyu gare shi. Yaushe za mu sha suna?"

"Ƙarfi ne ke taruwa."

Bangon ya tsage daga sama. Bature ya duba tsagar, ya gyaɗa kai irin na masana, ya ce alamar ruwa bai isa ba ce. Ya ƙara sawu biyar safe, biyar yamma.

A ranar ne Uba ya tsallako fili, karo na farko tun da aka fara. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon.

"Ɗan maigida, azarar kakanka saura guda shida, mafi tsawo. Ka bari in zo mu sa su a ciki. Ba wanda zai ji."

Saura kaɗan Bature ya yarda. Rawanin ubansa ne ake magana, kuma ya san in ya kuɓuce masa ba zai dawo gidansu ba. Amma sai ya hango Tani ta kasa kunne, matsamin ƙosai a hannu.

"Malam Uba, in tsoro kake ji ka faɗa. Ba a jin kunyar janyewa."

Uba ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma bakin aikinsa.

Ranar dubawa ta faɗo ranar kasuwa, kuma Bature ya riga ya aika saƙo ta bakin direbobin lori. Mutane suka zo daga Kiru, suka zo daga Kwanar Dangora, har da wani tsoho da ya ce ya fasa zuwa Kano tunda an ce an kawo ta kusa.

Dagaci ya fara da zauren Uba. Ƙarami ne, zanko huɗu, indararo biyu, babu agogo. Da aka shiga sai sanyi ya ratsa kowa, bakan gizo biyu sun gitta a sama sun haɗu a tsakiya. Al'adar maginan Ɗinya ce mai gini ya hau rufinsa ya taka a gaban jama'a. Uba ya hau, ya kira ƙarti uku suka hau tare, suka yi ta dirka ƙafa. Ko ƙura ba ta zubo ba.

Aka juyo wajen Bature. Ya sha babbar rigar marigayi, ya kafa hula.

"Ranka ya daɗe, a shimfiɗa maka buzu a ciki. Ina so kana zaune a zare tokara, ka ga rufi ya tsaya a kanka."

Dagaci ya dubi bangon gabas, ya dubi kwaɗon da ke zaune a bakin ƙofa.

"Tsufa ya sa ina son iska, Bature. Daga nan ma ina gani. Kai dai hau, kamar yadda ubanka ke yi."

Samarin gayya ma suka ce ba mai shiga. Sai aka ɗaura wa sandunan tokara igiyoyi, aka fito da bakinsu ta ƙofa, don a ja daga waje. Bature ya tattare riga ya hau tsani, ya tsaya a tsakiyar geronsa da ya kai gwiwa, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, sai dai ku ba jikokinku labari. A ja ta farko."

Aka ja. Rufin ya yi wani nishi kamar saniya ta kwanta, Bature ya ragu da taƙi ɗaya.

"Zama yake yi. Kowane gini sai ya zauna. A ja ta biyu."

Aka ja ta biyu da ta uku. Daga ƙasa mutane suka ga gwiwoyinsa sun ɓace a bayan bango.

"Waɗannan zankwaye da kuke gani," ya ci gaba, "irin na unguwannin cikin birni ne, sai dai nasu huɗu..."

Ƙugunsa ya ɓace.

"Injiniya," in ji Tani, "kai ne kake gajarta ko ginin ne ke tsawo?"

"Haka benen banki yake, akwai akwatin da ke sauko da mutum ba sai ya taka matakala ba. A ja sauran."

Samarin suka dubi Dagaci. Dagaci ya ce ai mai gini ya yi umarni. Suka haɗa igiyoyin suka ja gaba ɗaya.

Ginin bai faɗi da ƙara ba, don jiƙaƙƙen abu ba ya ƙara. A hankali ya yi komai. Bature ya nutse kamar rana a bayan tudu, kafaɗa, gemu, sai hula. Zankwayen suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya kamar masu gaisuwa a fada. Agogo ya zame daga goshin ginin ya sauka ƙasa, har yanzu ƙarfe goma. Bangon gabas ya sauke abin da ya daɗe yana ɗauke da shi, kwaɗi suka watsu cikin jama'a, mata suka tattare zannuwa. Da komai ya lafa, sai ga tulin laka mai kore a kai, ga Bature dashe a tsakiya har ƙirji, hularsa ba ta ko karkace ba.

Sai tsohon nan na Kiru ya tambayi na kusa da shi, "To, wanne ne bankin?"

Dariyar da aka yi a ranar, an ce har masunta a kan ruwa sun ji.

Dagaci ya matso, yana danne tasa da gefen rawani. "Lafiya dai, Bature?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. An yi saurin zare tokara ne. Kwana ashirin da ɗaya na birni ya fi na ƙauye tsawo."

Uba ne ya kawo cebur ya haƙo shi. Yana cikin haƙa sai ya tsaya. Ya ɗebi lakar a hannu, ya murza, ya sansana, ya dunƙula ta ya jefa sama ya cafe. A karo na farko mutanen Ɗinya suka ji ya yi magana mai tsawo.

"Ranka ya daɗe, ƙasar tubali sai ta jiƙu ta ruɓa kafin ta yi daɗin aiki, kuma ba mai haƙurin ba ta ruwa fiye da kwana biyar. Wannan mako uku ta yi tana sha safe da yamma, ga ƙaiƙayi, ga taki, awaki sun tattake ta. Tun da nake ban taɓa riƙe irinta ba. A bar min ita. Da ita za a yi tubalin masallaci."

A nan gindin tsamiya aka naɗa wa Uba rawani, Bature na gefe Delu na kankare masa laka daga rigar marigayi, tana yi tana ambaton tulunta.

Kafin damina ta faɗi masallaci ya tashi, azarar nan shida na cikin bakansa, yaɓe ya rufe su ruf. Ba a yi wata guda ba Bature ya warke daga kunyar. Duk baƙon da ya sauka a Sabuwar Ɗinya, shi ke tarbarsa, ya kai shi masallaci ya nuna masa sama.

"Ka ga wannan? Ko a Kano sai an tona. Azarar kakana ce a ciki, ƙasar kuwa da kafaɗata na jiƙa ta. Malam Uba ɗorawa kawai ya yi."

Ba mai musa masa, don gaskiya ce. Sai dai liman ya kafa doka guda, kuma Tani ce ke tsaron ta daga gindin tsamiya: Bature ba ya matsar masallaci da abin da ya fi buta girma, butar ma sai ya juya wa bango baya.